Guntayen Kundin Alhaji Garba

Ko daga barci aka tashe ni aka ce, "Rifkatu, wace rana ce ba ki manta ba a aikin nan?" ba sai na yi dogon tunani ba. Wata Litinin ce cikin watan Agusta, a shekarar da aka ɗauke ni aiki a wannan ɗaki namu na ajiyar tsofaffin takardu da ke Samaru. Tunda kun matsa in bar muku wani abu a rubuce kafin in ajiye aiki, to labarinta zan ba ku. Waɗanda suka riga suka ji shi a bakina sau goma su yi haƙuri, su ƙara na sha ɗaya.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda wanda bai san wurinmu ba. Mutane ne ke kawo mana littattafan iyaye da kakanni, rubutun hannu, na Larabci da na ajami. Wani a cikin gafaka, wani a ɗaure da igiyar fata, wani ma a tsohon buhun shinkafa. Ba saya muke yi ba, aro ake ba mu. A wancan lokacin tsarin shi ne, a ƙirga fallayen a gaban mai abu, a rubuta, ya sa hannu. Daga nan a kaɗe su da burushi mai laushi, inda ya yage a liƙe da wata siririyar takarda da ɗan kokon da ake damawa da garin alkama. Sai an gama gyara sannan a ɗauki hoton kowane shafi a sa a kwamfuta, yadda ɗalibi ko a Sakkwato yake ko a ƙasar waje zai karanta ba tare da ya taɓa ba. A ƙarshe a mayar wa mai abu abinsa.

Shugabarmu a lokacin Dakta Binta ce. Ƙarƙashinta akwai Malam Yusha'u mai gyaran takardu, sai masu ɗaukar hoto biyu, sai ni a can ƙasa, mai shara. Ba a ma tabbatar da ni ba, ina cikin wata shida na gwaji, ga yara uku, ga maigidana bai daɗe da rasuwa ba.

Malam Yusha'u siriri ne mai farin gilashi, in yana magana sai ka matso kusa. Ranar da na fara aiki ya kai ni ɗakin gyara ya ce, "Maman Dauda, ƙasa taki ce, tebur nawa ne. Kada ki taɓa komai a kan teburin nan, ko da ƙuda ne ya mutu a kai." Na ce to, Malam. Na kuwa riƙe.

To akwai wani dattijo a Chikaji, Alhaji Garba, mai gyaran kekunan ɗinki. Shekara biyu Malam yana zarya gidansa a kan kundin kakansa. Kundi shi ne littafin da malami yake tara abin da ya sani da hannunsa: addu'o'i, magunguna, ranakun haihuwa da na rasuwar mutanen gida. Ba abu ne da ake nuna wa bare ba. Ranar da Alhaji ya kawo shi ina goge taga daga waje, da kunnena na ji ya ce, "Malam Yusha'u, ba jami'a na ba ba, ba gwamnati na ba ba. Kai na ba. Alhamis ta sama ina son abina kamar yadda na kawo shi. In ya dawo lafiya, akwai adaka guda cike da takardu a gida, sai mu yi maganarta."

Gara ta ci gefen kundin, har guntaye goma sha ɗaya sun ɓalle daga jikin fallayen. Wani kamar farcen babban yatsa, wani kamar ganyen lemo. Malam ya jera su a kan farar takarda a teburinsa, yana nemo wa kowanne wurin da ya fito. Ni duk ban san wannan ba a lokacin.

Ranar Juma'a aka ɗauke wuta tun da safe, aka manta fanka a kunne. Da azahar ta gabato Malam ya miƙo mini makulli ya ce in share in rufe, ya tafi masallaci, kuma kun san ranar Juma'a ba a dawowa. Ina can bayan ofis ina wanke kofuna aka kawo wuta. Ko da na shiga, fanka na ta gudu. Na kashe ta, na ɗauki tsintsiya, sai na ga 'yan guntayen takardu warwatse a ƙarƙashin tebur, da rubutun Larabci a jiki.

Nan sai in ɗan koma baya. Ni Kirista ce, amma kakata Iya, uwar babana, Musulma ce, kuma a ɗakinta na tashi a cikin birnin Zariya. Iya ba ta yarda a tsallake takarda mai rubutun Larabci, balle a sa mata tsintsiya. Takan ce ba ka sani ba ko sunan Allah ne a jiki. Ka duƙa ka ɗauka, ka kai inda ƙafa ba ta zuwa. Na sha ranƙwashi a kan wannan har ya zama mini jiki.

Don haka na ajiye tsintsiya, na bi su ɗaya bayan ɗaya na tsince, na ƙulle a hankicina. Na ɗauka yanke-yanke ne Malam ya zubar, don na saba ganin yana zubar da gefen takardar liƙi a ƙasa. Har tsaki na yi masa a zuci, na ce ji malami guda yana watsar da sunan Allah.

Da na sauka daga keke a Sabon Gari, na biya ta ɗan masallacin da ke bakin layinmu. Baba Ladan yana da buhu a bayan ƙofa inda 'yan unguwa ke kai irin waɗannan takardu, in ya cika ya haƙa rami a wuri mai tsarki ya binne. Na miƙa masa, ya zazzage a buhun, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Maman Dauda." Na shiga gida raina fes, na yi abin kirki.

Litinin da safe ina goge dogon baranda, na zo daidai ƙofar Dakta, na ji muryarta a sama, abin da ba ta saba ba.

"Goma sha ɗaya ka rubuta da hannunka, Malam. Yanzu ko ɗaya babu?"

"Babu, ranki ya daɗe. Na duba ƙarƙashin kabad, na zazzage kwandon shara. Duron sharar bayan ofis kuma an kwashe shi tun Asabar."

"Mai sharar nan ce ke nan ta kwashe."

"In ma ta share, aikinta ta yi. Ni na bar fanka a kunne, ni ne ban ɗora gilashi a kansu ba. Don Allah a bar matar nan, marayu take riƙo."

Dakta ta ce, "Ka san dole in ba ka takardar tuhuma. In kuma Alhaji ya kai ƙara sama, ba ni da ta cewa."

Na tsaya da tsumma a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafata. Ba zan ɓoye muku ba, zuciya ta ce mini, Rifkatu, yi shiru. Kowa ya ɗauka sun bi shara, kuma an riga an wanke ki. In kika buɗe baki, kin fitar da kayan ofis kin kai waje ke nan, mai gwaji kuwa ba a yi mata tuhuma, sallama ake yi. Har na ja bokitina na yi taku uku. Sai na ji Malam ya ce, "Zan je in gaya masa da bakina." Muryar ta fito kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Na ajiye bokitin na ƙwanƙwasa.

Ban san yadda na jero maganar ba, na dai faɗa duka, har da tsakin. Dakta ta dafe kai ta ce, "Innalillahi. Masallaci kika kai mana kundin mutane?" Malam kuwa bai ce don me ba. Tambaya biyu ya yi mini: "Kin jiƙa su? Kin murje su?" Na ce a'a. Ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Muka tari keke daga Samaru. A Kwangila muka tarar da cunkoso, Malam na ta duban sama, don hadari ne ya haɗu ta gabas. Da muka isa, na leƙa bayan ƙofar masallaci, babu buhu. Na tambayi Baba Ladan inda yake.

Baba Ladan ya ce, "Ai jiya bayan la'asar na binne shi. Na ga ƙasa ta yi laushi."

Malam ya gaishe shi da ladabi, ya ce a taimaka a tone. Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "Abin da aka binne don Allah, a tone? Kai da ganinka ka yi karatu, a wane littafi ka ga haka?"

"Baba, ban gani ba. Amma akwai amanar wani bawan Allah a ciki, kuma a hannuna ya ba da ita."

"Amana?"

"Amana, Baba."

Sai ya shiga ya ɗauko fartanya. Shi da kansa ya tone, a gindin dalbejiyar bayan masallaci. Allah ya taimake mu da buhun ya binne, bai zazzage ba, sai dai gindin buhun ya sha ruwa.

Ɗakina muka kai shi. Na rufe tagogi, na shimfiɗa zannuwan gadona biyu wankakku a ƙasa, muka juye. Jama'a, ban san mutanen layinmu na da tsoron Allah haka ba sai ranar. Yagaggun littattafan Islamiyya, tsofaffin kalanda, katin ɗaurin aure, har takardar da aka ƙunshe tsire don kawai akwai Bisimilla a samanta. Maƙwabciyata Mama Ngozi ta leƙo ta ga mu a durƙushe ta ce, "Mama Dauda, una dey find gold?" Na ce mata abin da muke nema ya fi gwal, ta ja mana ƙofa.

Malam ya nuna mini abin da zan nema: takarda mai ɗan kauri, tawadarta ruwan ƙasa, ba baƙa wuluk ba. Can muna cikin yi na lura da wani abu. Takardar zamani in ka taɓa ta sai ta yi ƙaras-ƙaras, tsohuwar kuwa shiru take, kamar tsumma. Na ce, "Malam, naku ba sa magana." Ya gwada a kusa da kunnensa, ya dube ni ta saman gilashi, ya ce, "Ci gaba da haka." Da kunne na samo biyar, shi ya samo huɗu da ido. Sau uku muna bin tarin nan daga farko. Biyu ba su fito ba. Na gindin buhun sun riga sun dame sun zama kamar tuwo, kuma ina jin a cikinsu suke.

Talata da Laraba Malam ya mayar da taran wurarensu. Masu hoto suka ce a ɗauka mana kafin a mayar, tunda ba a san ko za a sake ganin kundin ba. Ya ce a'a, ba za a ɗauki hoton abin mutum ba alhali bai san abin da ya same shi ba. Ranar Alhamis Dakta ta ce ba sai na je gidan Alhaji ba. Ni da ba na son fita, daga gida sai coci sai wurin aiki, na ce ranki ya daɗe, a bar ni in je.

Mun sami Alhaji Garba a zaurensa, kawunan kekunan ɗinki jere har bakin ƙofa, ko'ina ƙanshin man keke. Malam bai jira ya duba ba. Ya kwance kundin, ya buɗe wurare biyun da kansa, ya ce, "Alhaji, na kawo amanarka, amma ba kamar yadda ka ba ni ba. Nan da nan sun ɓata. Sakacina ne."

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni na kwashe su."

"Wace ce wannan kuma?"

Na ce, "Rifkatu, mai shara."

"Rifkatu. Ke ba 'yar coci ba ce?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To me ya haɗa ki da kundin kakana?"

Na ba shi labari tun daga Iya har fartanyar Baba Ladan. Bai katse ni ba, yana ta juya sukudireba a hannu. Da na gama ya juya wajen Malam. Sannan ya ce, "Malam, karanta mini wurin. Rubutun tsohon nan ya fi ƙarfin idona."

Wuri na farko jerin 'ya'yan da aka haifa wa kakansa ne, kowa da ranarsa, suna ɗaya ya tafi da guntun. Na biyu maganin ciwon shawara ne, an ce a jiƙa saiwar kaza da jar kanwa, sunan saiwar ne babu.

Alhaji ya tashi ya shiga cikin gida. Na ce a raina shi ke nan, ko sallama ba za mu samu ba. Sai ga shi ya fito riƙe da hannun wata tsohuwa tukuf, ƙanwar mahaifinsa, Goggo Mairo. Ya zaunar da ita a kan buzu, ya ɗaga murya ya ce, "Goggo, saurara." Malam ya karanto sunayen a hankali. Da ya zo ramin ya tsaya, ya tsallake, ya ce Mairo.

Ta ce, "A'a, ka yi tsallake, ɗan nan. Tsakanin Sule da ni ai akwai Habu. Ƙyanda ce ta ɗauke shi ba a ko yaye shi ba. Innarmu ba ta son a ambace shi, sai aka daina." Ta goge ido da bakin zane. "Ashe Baba ya rubuta shi."

Alhaji ya ce, "Ni ban taɓa jin sunan nan ba."

Ya miƙa wa Malam biro ya ce ya cike wurin. Malam ya ce, "Alhaji, ba ma sa hannunmu a cikin rubutun wani." Ya ciro farar takarda daban, ya rubuta da fensir: sunan Habu, da sunan wadda ta faɗa, da ranar da ta faɗa, ya sa a tsakanin fallayen. Aka tambayi Goggo saiwar. Ta yi tunani, ta yi tunani, ta ce, "Wannan kam ta tafi da mai ita."

Alhaji ya ɗaure kundinsa da kansa, ya ɗora a cinya. "Kundin nan ba zai sake fita daga gidan nan ba. Adaka ma haka." Na sunkuyar da kai, na kasa duban Malam. "In hoto kuke so, ku kwaso injinku ku zo nan zauren, a yi a gabana." Ya nuna ni da sukudireba. "Kuma ku zo da wannan. 'Ya'yan cikina in sun ga takarda a ƙasa tsallake ta suke yi. Amma ke, Rifkatu, in kin tsinci wani abu a gidan nan, ni za ki kawo wa. Kada in ji an kai wa ladan."

Goggo ta yi dariya har da tari. Ni kuwa kuka ne ya ƙwace mini, a gaban mutane, ba kunya.

Dakta ta ba mu takardar gargaɗi, ni da Malam, kowa da tasa, ta kuma ƙara mini wata uku a kan gwajina. Ban ga laifinta ba. Da wata ukun suka cika ita da kanta ta kira ni ta ce an tabbatar da ni. Sati uku muka yi muna zuwa Chikaji kullum har aka gama kundin da abin da ke cikin adaka, kuma daga zauren nan ne wasu gidaje biyu na unguwar suka ce mu ma a zo mana. A can Malam ya fara koya mini yadda ake ɗaga falle ba tare da an karya shi ba. Abin da ya kai ni teburin gyara ke nan, inda kuka same ni.

Dokokin da kuke gani manne a bango, da yawansu daga wannan mako suka fito. Duk abin da aka kawo, a ɗauki hotonsa ranar da ya shigo, yadda yake, kafin a taɓa shi. Guntu ba ya kwana a fili, sai a ambulan da lambarsa. Fankar ɗakin gyara kuwa cire ta aka yi gaba ɗaya, shi ya sa kuke shan zafi, ku yafe mini.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba mugu kaɗai ke ɓarna ba. Ni don girmamawa na ɗauke su, Baba Ladan don girmamawa ya binne su. Saboda haka in an kawo muku sabon ma'aikaci, ko mai shara ne ko mai gadi, kada ku tsaya a "kar ka taɓa". Ku zaunar da shi ku nuna masa abin da ake yi da dalilinsa, don shi ma akwai abin da aka koya masa a gidansu, kuma da shi zai yi aiki in ba ku gaya masa naku ba. In kuma abu ya ɓaci a hannunku, ku riga kowa faɗa. Mutanen nan da ke ba mu takardun kakanninsu sun fi jure a gaya musu gaskiya mai ɗaci da su gano da kansu.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da Malam Yusha'u, wanda ya kare ni a bayan idona alhali shi ne a cikin ruwa. Na gode wa Dakta Binta, na gode wa Alhaji Garba da Goggo Mairo, Allah ya ji ƙansu su biyun.

In kun buɗe hoton kundin a kwamfuta za ku ga ramukan nan biyu. Ɗaya da 'yar takardar fensir a gefensa. Ɗayan babu komai, kuma ba za a taɓa samu ba. Ɗalibai kan tambaya ko gara ce ta ci. In sun tambaye ku bayan na tafi, kada ku ɗora wa gara. Ku ce Maman Dauda ce, ku ba su labarin yadda aka yi.